Daraktan da ya raina talabijin, makarantarsa ya raina

Ɗan ƙanwata ya karanci harkar fim, kuma Allah Ya ba shi ido. Ko hoton biki ya ɗauka da waya sai ka tsaya ka sake kallo. Kwanakin baya wasu masu shirya fim mai dogon zango suka zo aiki Jos, aka neme shi ya zama mataimakin darakta, ya ce a kai kasuwa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce: "Kawu, ni fa ba zan ɓata sunana a irin wannan aikin ba. Da babban fim nake son farawa, wanda za a haska a sinima, a kai shi gasa ƙasashen waje. Wanda ya shiga talabijin ya shiga ke nan, ba ya fitowa."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Duk inda matasa masu sha'awar ba da umarni suka taru a garin nan, ko a Rayfield ko a teburin mai shayi a Bauchi Road, za ka ji irinta. Sun raba daraktoci gida biyu. Na sinima su ne manya, na talabijin da YouTube kuwa 'yan neman na cefane.

Ni ban yarda da wannan rabon ba. A ganina babu inda darakta ke goge hannunsa kamar a shirin da ake fitarwa mako-mako, kuma a yadda sana'ar take yau a Arewa, can ne masu kallo suke. Matashin da ya ƙi wannan hanya yana jiran babban fim, shekaru za su wuce shi bai yi fim ɗin ba, bai kuma koyi aikin ba.

Bai kamata ɗan Jos ya faɗi haka ba

Da a wani gari aka yi maganar, da sai in yi uzuri. Amma a Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa da dokar 1979. A nan makarantar koyon fim ta ƙasa, NFI, take tun 1995. Kwalejin talabijin ta NTA da ke Rayfield kuwa tun 1980 ta fara. Kafin a buɗe aji ɗaya na koyar da fim a garin nan, an daɗe ana yaye ma'aikatan talabijin.

Sa'o'ina sun san yadda layi ke yin tsit idan lokacin Cock Crow at Dawn ya yi. A 1980 NTA ta fara shi a ƙarƙashin Peter Igho, aka ɗauke shi a ƙasar Filato, a kan maganar komawa noma. A cikinsa ƙasa ta san marigayi Sadiq Daba da sunan Bitrus, ta san marigayi Ƙasimu Yero da sunan Gaga. Bayansa Behind the Clouds ya biyo, shi ma daga Jos. A ɓangaren Hausa kuma, wa zai yi maganar wasan kwaikwayon garin nan ya tsallake Karkuzu? Duk sunan da Jos ta yi na garin masu kyamara, a akwatin talabijin ta fara yin sa.

Ba Jos kaɗai ba. Marigayi Tijjani Ibrahim, wanda manyan daraktocin Kano da yawa suke kira malaminsu, daga gidan talabijin na CTV na Kano ya fito. Living in Bondage na 1992, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar bidiyo a Kudu, ma'aikacin NTA ne ya ba da umarninsa, Chris Obi Rapu. Amaka Igwe sai da ta yi shekaru tana fitar da Checkmate a talabijin kafin ta yi Rattlesnake. Ko a Amurka da yaran namu suke hange, Steven Spielberg ya ba da umarni a shirin talabijin na Columbo a 1971, shekara huɗu kafin ya yi Jaws.

A duba kuma ɗaya ɓangaren. Manyan fina-finan Hausa na majigi, irin waɗanda ake mafarkin yi, nawa ne? Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976. Sadiq Balewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991. Brendan Shehu ya yi Kulɓa Na Ɓarna a 1992. Idan ka haɗa da sauran 'yan uwansu na wancan zamani, yatsun hannu sun ishe ka ƙirge su. Ayyuka ne masu daraja, amma darakta yakan samu irin wannan dama sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarsa. Wanda ya ce sai ita zai taɓa kyamara, ranar da ta zo za ta same shi da ɗanyen hannu.

Hanyar da Kenneth Gyang ya bi

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kenneth Gyang, ɗan Barikin Ladi, wanda ya yi karatu a NFI. Na zaɓe shi ne domin shi ne ainihin irin daraktan da matasan nan suke son zama: sunansa ya fita ƙasa, an haska aikinsa a bukukuwan fim na waje, Netflix ta ɗauki ayyukansa.

To, daga ina ya fara? Shekaru kafin fim ɗinsa na farko mai tsawo ya fito, yana cikin waɗanda suka ba da umarni a Wetin Dey, shirin talabijin da sashen ayyukan ci gaba na BBC ya shirya don wayar da kai a kan cutar ƙanjamau. Aiki ne na faɗakarwa, mai iyaye a sama, mai jadawali, wanda ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Daidai irin aikin da ɗan ƙanwata zai ce zai ɓata masa suna. A wannan shirin ne kuma Yinka Edward, wani ɗan Jos ɗin da ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar hoto a ƙasar nan, ya yi aiki.

A 2012 Gyang ya fitar da Blood and Henna, da Ali Nuhu da Sadiq Sani Sadiq da Nafisat Abdullahi, labarin da ya jingina da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. A 2013 fim ɗinsa Confusion Na Wa ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMAA ta Afirka.

Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ya yi bayan kyautar. Bai ce ya wuce talabijin ba. A 2016 ya ba da umarnin Sons of the Caliphate, shiri mai dogon zango na tashar EbonyLife a kan 'ya'yan masu mulki da sarauta a Arewa. Daga nan ya koma fim, ya yi The Lost Café, ya yi Oloture a kan safarar mata, wanda ya hau Netflix a 2020. A 2022 ya sake komawa shiri mai kashi-kashi, suka yi Blood Sisters tare da marigayi Biyi Bandele. Mutum ne da yake shiga yana fita tsakanin ɗakunan biyu kusan shekara ashirin, kuma babu wanda ya taɓa cewa ƙofa ta rufe a bayansa.

A Kano ma haka Aminu Saira ya yi, sai dai shi daga fim ya taho. Ya yi suna da fina-finai irin su Ga Duhu Ga Haske, sannan a 2020 ya fito da Labarina. Tambayi kowace uwar gida a Unguwar Rogo ko Gangare wane aikinsa ta fi sani.

Abin da mako-mako ke koya wa mutum

Na taɓa tsayawa kallon wasu masu ɗaukar shiri a wani gida a unguwarmu, cikin watan Agusta. Wanda ya san daminar Jos ya san hadarinta ba ya sallama. Saura fitowa biyu a tsakar gida, wadda ta fito a matsayin uwa kuma motar yamma za ta bi ta koma Kano. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Ana cikin haka mai markaɗe a maƙwabta ya tayar da injinsa, mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa ya girgiza kai.

Daraktan, wani siriri mai hular sanyi, bai ɗaga murya ba. Ya aiki yaro ya roƙi mai markaɗen ya ɗan saurara musu. Ya dubi takardar hannunsa, ya soke fiye da rabin maganar uwar, ya ce a mayar da fitowar bakin ƙofar ɗaki inda rumfa za ta kare kyamara. A rubuce, uwar dogon jawabi za ta yi bayan an gaya mata ɗanta ya bar gida. Shi kuwa ya ce mata: "Mama, ki ci gaba da tsintar shinkafarki, kada ki ɗago." Ya sa mai kyamara ya tsaya a kan hannunta cikin tire. Da aka faɗa mata labarin, hannun ya tsaya cak, can kuma ya ci gaba da tsinta a hankali. Ruwa ya sauko suna tsakar ɗauka, ya ce a bar ƙarar kwanon a ciki.

Mu da muke tsaye a zaure babu wanda ya yi tari.

Wannan shawara da ya yanke cikin ɗan lokaci, ba a aji ake samun ta ba. Aji yana da amfaninsa, yana koya maka haske da girman hoto da tarihin sana'a, kuma ba na raina shi ko kaɗan. Amma sanin abin da za ka yar da abin da za ka riƙe idan hadari ya taso, sai wanda ya sha shiga irin wannan matsi. Direban da ke Jos zuwa Bauchi kullum ya san inda kowane rami yake da inda shanu ke tsallaka titi, abin da wanda ya haddace littafin tuƙi bai sani ba. Mai yin fim ɗaya a shekara uku yakan tsaya a bayan kyamara na 'yan makonni. Mai shirin mako-mako kusan kullum yana can.

Akwai kuma abin da ya fi wannan: mu'amala da mutane. Rabin aikin darakta lallashi ne. Dattijon jarumin da yake ganin ya girme ka, sabuwar yarinyar da murya ke rawa idan an kunna fitila, mai gidan da aka ara wanda ya fara gajiya da ku, mai kula da sutura da ya manta kalar ɗankwalin da aka ɗaura a fitowar jiya. A fim guda, kana iya daurewa ku rabu. A shirin da za ku yi wata da watanni tare, dole ka koyi yadda ake sa mutum ya ba ka abin da kake so ba tare da ka ci masa fuska ba.

"Ai shirye-shiryen yanzu shirme ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan musa rabinta ba. Da yawa daga cikin abin da ake zubawa a YouTube bai kai a kira shi aiki ba. Mutum biyu a kan kujerar falo, kyamara ta kalli wannan ta kalli wancan, a yi minti goma ana maimaita abin da mai kallo ya riga ya sani. A tuna baya, a sake tuna baya. Labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 13 a ja shi har ya wuce 100.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya, kuɗin shiga ya koma kan talla da yawan masu kallo. Kowane mako sai an saki sabon kashi, in ba haka ba mutane su koma wata tasha. Shi ya sa wani lokaci a wurin ɗauka ake rubuta labarin, kuma mai shiri ba ya son ya kashe abin da ke kawo masa kuɗi, ko da labarin ya mutu tun tuni.

Amma wannan laifin gaggawa ne da rashin tsari. Akwatin talabijin bai hana kowa yin aiki mai kyau ba. Blood Sisters kashi huɗu ne kacal, ya fara ya ƙare. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cewa ana iya zaunar da marubuta a ɗaki, a tsara zango tun kafin a kunna kyamara, da Hausa, da 'yan wasanmu.

Sannan ina tambayar masu wannan hujja: idan duk wanda ya yi karatun abin ya naɗe hannu ya ce shirme ne, wa zai gyara? Waɗanda suka san darajar shiru a cikin fitowa, suka san ba kowace magana ake faɗa da baki ba, su ne suka ƙi zuwa. Sai filin ya zama na wanda ya sayi kyamara jiya. Daga nan kuma su dawo teburin mai shayi suna zagin abin da aka yi.

"A talabijin darakta ɗan kwangila ne"

Gaskiya ne cewa a dogon shiri mai kuɗi da tasha su ke da ta cewa. Su za su zaɓi jarumi, su ce a saka tallar sabulu a tsakiyar kuka, su canza darakta idan an saɓa.

To a fim fa? Mu nan ko fim ɗin sinima ne, da sunan jarumi muke kiran sa. "Ka ga sabon fim ɗin wane?" Wanen nan kuwa wanda fuskarsa ke jikin fosta ne. Rashin ganin girman darakta ciwo ne na masana'antar gaba ɗaya, gudun talabijin ba ya maganinsa. Abin da ke maganinsa shi ne aikinka ya yi ta fita har mutane su fara gane hannunka ko ba su ga sunanka ba. Daraktan mai hular sanyi ba shi ya rubuta labarin ba, ba shi ya zaɓi gidan ba, amma hannun nan da ke cikin tire nasa ne, babu mai shirin da ya ba shi.

Wace sinimar?

Tsofaffin garin nan suna ba da labarin sinimar Kwararafa da yadda ake cika ta. Yau sunan ya fi zama kwatancen unguwa. 'Yan ɗakunan kallon zamani da ake da su a Jos da Kano da Abuja, wa ke shigarsu? Mai abin hannu ne, a ƙarshen mako. Mafi yawan masu kallon fim ɗin Hausa mata ne a cikin gida, da matasa masu waya a hannu, da 'yan uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru da Sudan da Saudiyya. Waɗannan ba tikiti suke saya ba, data suke saya, ko su jira ƙarfe takwas ko tara na dare a kunna tasha.

Hatta hukuma ta san inda nauyin ya koma. A watan Mayun 2025, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta tashi ɗaukar mataki, shirye-shirye 22 masu dogon zango ta dakatar. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya nuna masa abin da jama'a ke kallo.

Darakta mai labarin da yake son Bahaushiya ta ji, a kan aure ko gado ko shaye-shayen 'ya'yanta ko zaman Musulmi da Kirista a gari irin namu, ya san inda zai same ta. Idan kuwa burinsa alƙalan gasa a Turai su tafa masa, wannan ma buri ne, ba na hana shi, amma ya daina cewa don jama'arsa yake yi.

Tsoro ɗaya ne na yarda yana da tushe. Mutum yana iya sabawa da sauri har ya manta yadda ake natsuwa. Shekara biyar kana ɗaukar fitowa ashirin a yini, hannunka zai koyi hanya mafi sauƙi, ya riƙa bin ta ko da an ba ka lokaci. Na ga waɗanda hakan ta faru da su. Maganinsa shi ne tsakanin zango da zango mutum ya ware ɗan abin da ya samu ya yi gajeren fim nasa na kansa, na minti goma, wanda babu mai ce masa yi sauri. Kuɗin da za a yi shi da 'yan aikin da za su taya shi don zumunci, duk a wurin dogon shirin ake samun su.

Akwai kuma hakki a wuyan manya. Tun watan Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, mutumin da ya yi jami'a a Jos, ya yi fim, ya kuma ba da umarnin shiri mai dogon zango da kansa. Babu wanda ya fi shi sanin cewa tsakanin ajin NFI da wurin ɗaukar shiri akwai rata. Ina so in ga an ƙulla yarjejeniya da tashoshi da masu shirye-shirye, yadda duk ɗalibin ba da umarni zai yi zango guda cur a matsayin mataimaki kafin a ba shi takarda. NTA Jos da PRTV, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, su ma su tuna da abin da aka san su da shi, su sake buɗe ƙofar wasan kwaikwayo ko da na rabin awa ne a mako, su ba yaran garin nan.

Masu shirya dogon zango kuma, idan mataimaki ya yi muku zango ɗaya ko biyu yana riƙe takarda yana tsare ƙofa, ku ba shi kashi guda ya ja da kansa, babban darakta yana zaune a gefe. Ku biya shi kuɗin darakta na wannan kashin, ku rubuta sunansa a farko, ku bar shi a kan allo har mai kallo ya gama karantawa.